Furfura a Kan Wasila

Damagaram, Oktoba 1958

Yaya Mustafa,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Dakar. Mu nan mun gode Allah, gero ya yi kyau. Gari kuwa ba zancen da ake sai na ƙuri'ar da aka jefa, amma ni wallahi hankalina ba ya can.

Yaya, ƙanwarmu Wasila ce. Ciki ne da ita, na tara, ga Tanimu bai ko fara tafiya ba. Na je Gafati ran Juma'a na tarar ƙafafunta sun kumbura, leɓenta fari fat, tulu ma sai an ɗora mata. Ungozomar lopital, wato asibiti, da na kai ta wurinta ta ce jinin jikinta ya ƙare, ko ta sauka lafiya kada ta sake sai ta huta sosai. Laifin kuma nawa ne, ba zan ɓoye maka ba. Da ta zo gida wankan jegon Tanimu, ya kamata ta zauna har yaye kamar yadda aka saba. Mijinta Idirisu ya zo da goronsa da daɗin bakinsa, wai aikin gona ya yi yawa, ni kuma sakarai na mayar masa da ita ran arba'in.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali maganar Iya Kellu ce, yayar Innarmu, wadda aka yi ta yi wa gorin rashin haihuwa. Ga ta nan ta haura tamanin, da haƙoranta take cin goro. Ta ce na duba awakinta: akuyar da ke zuba uku-uku ba ta tsufa a turke, 'ya'yanta mata ma haka suke bi. Ta ce mu ma a jini yake. Sai ta shiga lissafo mini: kakarmu ta tafi a haihuwa ta goma sha ɗaya, Inna a ta goma, Balki 'yar kawu a ta takwas. Duk macen gidanmu da Allah ya buɗe wa haihuwa, ba wadda aka taɓa gani da furfura. Mutane kuwa rububin auren 'ya'yanmu suke, wai gidan albarka! Na san kwana na Allah ne, amma ko raƙumi sai ka ɗaure shi kafin ka yi tawakkali.

Ita ma Wasila ta sani. Da zan taho tana dariya take rarraba mini yaranta, wai ni na riƙe Delu, kai ka ɗauki Tanimu.

Kai ne babba, kai Idirisu ke jin nauyi. Don Allah ka rubuto masa da hannunka cewa zan ɗauko ta yanzu, kuma ba za ta koma ba sai ta cika shekara biyu a gida. Kada ka jira mai zuwa, ka sa a fosta, wato gidan waya.

Ka gaida Zuliha da su Kolo. Iya Kellu na gaishe ka, ta ce ka taya mu roƙo Allah ya nuna mana furfura a kan Wasila, ko da sili ɗaya ne.

Ƙaninka,
Alkasum