Takardar da Ta Dawo Mini

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyar Inna da yara?

Na bar ƙungiyar nan ta Paris da na yi wa aiki shekara tara. Na tona wa 'yan jarida yadda muke raba mutum da danginsa. Yanzu ina Bron, kusa da Lyon. Lafiya lau nake, sai dai ba mai sallama a ƙofata.

Jiya matata Latifa, da ke cikinsu har yanzu, ta aiko mini takardar yanke zumunci. Ni na tsara kalmominta, Yaya. Irinta na aiko muku lokacin da nake cikinsu.

Don Allah ki ƙona waccan. Ki kara wa Inna waya a kunne, ko zagina ne ta yi, in dai ji muryarta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Nazir