Irin da Aka Ajiye a Toka

Jos, watan Nuwamba

Zuwa ga maƙwabciyata Aisatu, Dada Umaima,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Gabdo da jikoki. Na rubuto ne don waya ba ta ɗaukar ƙunshi. Direban da ya kawo takardar nan zai ba ki leda. A ciki akwai 'ya'yan shukar nan da ta raba gidana da naki, masu ruwan ɗorawa kamar duwatsun wuya, wadda kika ce ta bushe bayan mun gudu lokacin tashin hankali. Na ga irinta a bakin cocinmu, na tsaya kamar na ga ɗan'uwa. Ki shuka a gurbin ta da.

Kullum kina tambaya yaushe zan zo Mubi. To, ranar da ta yi 'ya'ya, zan zo.

Taki,
Mairamu, Maman Eva

Mubi, watan Yuli

Maman Eva,

Salamu alaikum. Ina gida, ina Eva? Mu dai alhamdu lillahi, ruwa ya sauka sosai.

Shukarki ta ƙi ni. Kuma ban yi mata wasa ba. Na shanya 'ya'yan a tabarma har suka yi ƙarau, na cuɗe su da toka, na zuba a gora na rataye, yadda muke yi wa irin wake. Da damina ta zauna na shuka. Shiru! Har akuyata na yi wa sharri. Malam yana ta dariya, wai abin da ba a ci, ba a magani da shi, ina ba shi taki kamar masara. Na ce masa ina ruwansa.

Amma raina ya ɓaci, don zuwanki na cikin goran nan.

Ki gai da yara.
Aisatu

Jos, watan Agusta

Dada Umaima,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariya har Eva ta leƙo. Toka! Wannan ba wake ba ne, ɗanye yake so. Ga wasu na turo. Ranar da suka iso ki murje su a ruwa, ki wanke naman tas, sai ƙwayar ta kwana a jiƙe. Ki ɗebo yashin mayo, na bakin kogi, ki haɗa da ƙasa a gwangwanin madara, ki huda gindinsa. Kar ki binne da zurfi, ki ajiye a inuwa. Ki ja kunnen jikoki, 'ya'yan ba na ci ba ne, suna da dafi.

Allah ya ba da sa'a.
Mairamu

Mubi, watan Oktoba

Maman Eva,

Salamu alaikum, da albishir. Sun fito! 'Yan ganye ƙanana kamar kunnen ɓera. Da safe su nake fara gaisarwa kafin in ɗora koko. Malam ɗin da ke dariya shi ya kewaye su da ƙaya saboda kaji, wai don kar in dame shi da kuka.

Sai dai na je wurin Dawuda mai sayar da furanni a hanyar Gella. Ya ce wadda aka shuka daga iri sai ta yi shekaru kafin ta yi 'ya'ya, da reshe aka dasa da abin ya fi sauri. Ke kin san haka, Mairamu. Reshe bai fi ƙarfin direba ba, amma iri kika turo. Tsoro kike ji ki shiga gidanki babu Baban Eva, Allah ya ji ƙansa. Ban yi fushi ba, zan ci gaba da ban ruwa da daɗin rai. Amma ni da ke mun daina zama yara, kuma ina kewarki.

Taki har kullum,
Aisatu

Jos, watan Nuwamba

Aisatu,

Na gaishe ki. Kin kama ni.

Kar ki dasa su tukuna. Hannunki na noman dawa ne, za ki tsinke musu saiwa. Ina zuwa bayan girbi mu dasa tare. A ɗakinki zan sauka. Da safe sai ki riƙe hannuna mu shiga nawa gidan.

Sai na zo.
Mairamu