Rodin da Si Hadi Ya Bari

Litinin, 2 ga Oktoba

Maƙwabciyata Munjiya ta sayar da gidanta. Wasu tsofaffin Italiyawa 'yan fansho ne suka saya, mata da miji. Gidan da aka wanke gawar mijinta a ciki! Ta shigo sallama tana kuka, na ce ta share hawayen da takardun banki.

A layinmu yanzu ni kaɗai na rage cikin 'yan asalin Hammamat, garinmu na bakin teku. Sauran duk masu gudun sanyin ƙasarsu ne, tsofai-tsofai da su, suna yawo da gajeren wando da kare.

Si Munsif dillali ya leƙo. "Hajja Shazliya, saura ke." Na ce saura ni da Allah, ya ja min ƙofa.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Ɗana Lutfi ya zo cin kuskus da matarsa Ulfa da 'yar jikata Rim. Bai ci na kirki ba. Mai gidan hayarsu ya sayar, an ba su zuwa ƙarshen Disamba. Da can haya ake ba su daga Satumba zuwa Yuni, da bazara su taho wurina a saka baƙi 'yan hutu a gidan. Yanzu baƙin suna yin shekara cur, ko wannan ta ƙare.

Ya ce, "Ummi, ki bar ni in ɗora ginina a sama. Ai don ni Baba ya bar rodin."

Gaskiya ne. Marigayi mijina Si Hadi da ya zuba rufin gidan nan ya bar rodi a tsaye kan kowane ginshiƙi, kamar yadda duk uba mai ɗa namiji ke yi. Amma na faɗa masa abin da na saba faɗa: muddin yana zuba wa mutane giya a otal, ba za a ɗora bulo ɗaya da kuɗin nan a kaina ba.

"Ummi, ni fa ban taɓa kurɓa ba."

Na ce mai miƙawa da mai sha duk jirgi ɗaya ne. Ulfa ta tashi ta hau wanke kwanukan da na riga na wanke.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na hau sama shanya. Rodin sun yi jawur. Si Hadi kwalabe ya kifa musu a kai, wai kada ruwa ya bi su ya shiga. Kwalaben giya, daga bolar otal! Ranar da na fita takaba na bi su da taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Gidan Musulmi ba zai sa wannan hular ba. Har yau ina jin daɗin ƙarar.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Lutfi da Ulfa sun wuni ganin gidaje. Ɗaki biyu can bayan gari, inda ko ƙamshin teku ba ya kaiwa, an faɗi kuɗin da albashin Lutfi ba zai haɗa ba ko zai kai furfura. Banki sun ce a'a. Wai Si Munsif ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, garin nan sai ka tsufa a Turai tukuna kake iya zama a cikinsa." Shi a ganinsa raha ya yi.

Na ce su dawo nan mu zauna, ɗaki biyu ya ishe mu. Lutfi ya ce, "Ummi, wata biyun bazarar ma da ƙyar Ulfa ke kaiwa."

Me na yi mata? Gyara ne kawai. Wanda ba ya son gyara...

Laraba, 1 ga Nuwamba

Bai kira ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Ya bar wajen giyar, ya koma ɗakin wanki na otal ɗin. Babu ɗan ihsanin da baƙi ke ba shi, albashin ma ya ragu, amma halal ne. Ya zo da hannu duk ya yi fari saboda sabulu. "To Ummi, kin ci nasara." Ban so yadda ya faɗa ba, amma na sa masa albarka. Ulfa za ta sayar da awarwaronta a fara da ɗaki ɗaya da kicin a saman.

Na dafa masa miyar kifi. Ya cinye tas.

Talata, 21 ga Nuwamba

Am Hashimi magini ya zo, shi ya yi wa Si Hadi aikin tun farko. Muka hau sama mu uku. Ya kama rodin farko ya ɗan lanƙwasa, sai ya karye a hannunsa kamar busasshen burodi. Na biyu ma haka. Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin, siminti ya zubo, cikin duk tsatsa. Ya ce ruwan sama da gishirin teku sun bi ƙarfen har ƙasa. In ana son bene sai an tayar da sababbin ginshiƙai tun daga tushe, kuɗin wani gidan ke nan. Na ɓangaren da ke baya da teku ne kawai ke da sauran rai, su kuwa ba za su ɗauki ɗaki su kaɗai ba.

Sai ya ce, "Hajja, ina kwalaben? Ni da marigayi muka kifa su, har da man inji a ciki."

Lutfi yana nan ranar taɓaryar. Shi ya share gilasan. Ya dube ni, ya dubi guntun rodin, ya sa shi a aljihu ya sauka.

Ƙarfe dai ƙarfe ne, da kwalba da babu zai ci tsatsa. Haka Allah ya rubuta.

Juma'a, 8 ga Disamba

Si Munsif kuma. Labari ya kai masa. "Hajja, ki sayar ki raba wa yaro gadonsa. Italiyawa ba ruwansu da bene, gwiwarsu ta mutu." Na tambaye shi ko kason Lutfi zai saya masa gida a garin nan. Ya sosa ƙeya. Ya ce zai dai saya masa a wani garin.

To me aka yi ke nan?

Lahadi, 17 ga Disamba

Sun tafi Kaf, garin su Ulfa. Can kan dutse, inda sanyi ke fasa leɓe, shi ya sa haya ke da araha. Lutfi zai tsaya wa surukinsa a shago. Ɗan Si Hadi a ƙarƙashin rufin suruki.

Tsofaffin wasu suna zuwa shan ranarmu, jikata ta tafi shan sanyi. Na saƙa mata hula. Ta ce, "Kaka, yaushe za a gama ɗakina na sama?" Ulfa ta ja ta cikin mota.

Lutfi ya sumbaci goshina. Na shirya nasihohi da yawa, kan salla, kan zama da surukai. Ya ce, "Ummi, don Allah yau dai ki bari." Na bari.

Talata, 9 ga Janairu

Hadari tun safe. Italiyawan sun fito da sharar bikin sabuwar shekararsu, kwali guda cike da kwalabe, ko kunya. Tsohuwar ta gan ni tsaye a kai, ta yi ta murmushi tana nuna min in ɗauka. Na kwashe su na shige gida.

Na wanke su da sabulu har warin ya fita. Na zuba ɗan man zaitun a kowace, man inji ba ni da shi. Gwiwata ta sha wuya a matakala.

Rodin ɓangaren baya kawai na kifa wa kwalaben, masu sauran ran. Ba don komai ba, tsatsar ce ke ɓata min shanya.

Na kira Kaf. Ulfa ce ta ɗauka. Na tambaye ta ko hular ta yi wa Rim daidai, ban ƙara komai a kai ba.