Bishiya Mai Sunan Atishawa

Gwaram, 4 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Mansura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatun jinya, ya sanyin Birnin Kudu? Innarki tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da boko muka raba gari, kuma har yau ba wanda ya nemi wani. Waya kuwa kunnen nan nawa ya yi ritaya, kina cewa ruwa ina jin tuwo. Shi ya sa na ba Maikuɗi direba wannan takarda.

Maganar amanar da kika bar min ce, 'yar bishiyar nan ta cikin tukunya mai sunan atishawa. Fic, wai haka Turawa ke kiran 'ya'yanta. Duk wanda na faɗa wa sunan sai ya ce min yarhamukallahu. To tun da sanyi ya shigo ganyenta ya soma rawaya yana zuba. Kada hankalinki ya tashi, ubanki shekara arba'in yana noma. Na shigar da ita ɗakina, ina hura mata kasko safe da yamma, ruwa sau uku kamar mai jego. Innarki ta ce 'ya'ya biyar ta haifa min ban taɓa hura mata gawayi ba. Na ce ai ke ba kya zubar da ganye.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Ɗanbala

Birnin Kudu, 6 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna. Na samu takardarka.

Don Allah yau ɗin nan ka fitar da ita daga ɗaki. Ka kai ta inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, inda rana ba ta daɗewa. Ruwa sau ɗaya a mako. Zubar ganyen ba ciwo ba ne, haka take yi, barci take shiga. Idan ba ta sha sanyi ba, ba za ta farka da kyau ba. Na faɗa maka wannan ranar da zan taho, ka ce ka ji.

Ka san marigayi Munzali ne ya zo da ƙwallonta daga Jos. Wata biyu yana ajiye da shi a firjin maƙwabta kafin ya tsira, yana zuwa dubawa kamar mai jinya. Kayansa duk an raba. Ita kaɗai ce ba wanda ya nema, ita ce ta rage min daga mijina. Da ana barin tukunya a ɗakin kwanan ɗalibai da ban ɗora maka ba.

Kada ka yi mata komai, Baba. Komai.

'Yarka, Mansura

Gwaram, 19 ga Disamba

Mansura,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta yi kwana goma sha biyu a motar Maikuɗi. Ta je Bauchi sau biyu, ta fi ni yawon duniya. Jiya ya tsinto ta a ƙarƙashin kujera.

Na bi umarni. Tana bayan rumbu, wajen da ko kaji ba sa zuwa da safe. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Maganar kin faɗa min ranar tafiya, na yarda. Na ga bakinki yana motsi na ce to. Shekara uku ke nan haka nake zaman lafiya da mutane.

An gama sussukar dawa. Hafsat ɗin gidan kawunki ta haihu, mace. Ƙafar Innarki da sauƙi.

Saura magana ɗaya, ina ta kewaya ta kamar kare da bushiya. Kafin takardarki ta iso ganyen ya ƙare tas, sai tsinke tsaye. Na zauna na yi tunani irin na masu aji huɗu. Na ce zogale idan ya yi haka sare shi ake yi ya sake tofo. Na wasa wuƙa na datse ta. Abin da ya rage bai fi taƙi ɗaya ba.

Reshen yana nan, na naɗe shi a tsumma, ban san don me ba. Innarki ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi, na ce gara faɗan.

Ban da abin cewa. Ki ce wani abu.

Ɗanbala

Gwaram, 10 ga Janairu

Mansura,

Ina gaisuwa. Mako uku ke nan. Duk ranar da Maikuɗi ya shigo tasha ina tsaye, har ya fara ɗaga min hannu daga nesa alamar babu. Na sa ya duba ƙarƙashin kujera, ya duba.

Ga labarin majinyaciya. Ba ta mutu ba, ba ta tashi ba. Ruwa ranar Juma'a kawai, bayan an sauko. Sauran kwana shida ina tsaye a kanta hannuna a baya don kada ya yi wani abin. Ban taɓa aikin da ya gajiyar da ni irin wannan ba. Gero idan yana so ka sani, idan ba ya so ka sani. Wannan ko uffan. Abokan hira sun sa min suna mai kiwon sanda. Malam Khuzaima ya leƙo ya ce in haƙura in yi muciya da ita.

Na ɗan kankare bawon da farce, cikinsa kore ne. Sau huɗu na yi, kada in ɓoye miki. Duk huɗun kore.

Idan kina so ki ɗauke ta, Maikuɗi ya ce zai sa ta a gaba ya ɗaura mata bel. Ba zan ji haushi ba. Mutumin da aka ce kada ya yi komai ya kasa, ai bai da bakin magana. Munzali yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba, duk da ni kowa sai ya ɗaga nake ji. Ban so abinsa ya ƙare a hannuna ba.

Mahaifinki

Birnin Kudu, 13 ga Janairu

Baba,

Ina gaisuwa. Na rubuta maka sau uku ina yagawa, don abin da ke ciki ba na 'ya da uba ba ne.

Ka daina kankare ta. Ka bar ta inda take, ba zan aiko a ɗauka ba. Shi kansa marigayin ya sha faɗa min da wuya ta yi 'ya'ya a zafin ƙasarmu, ni ce ban so in ji ba.

Har yanzu raina a ɓace yake, ba zan yi maka ƙarya ba. Idan ta tofo ka rubuto min. Idan ba ta tofo ba ma ka rubuto.

Mansura