Kafin Gajere Ya Zo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da jirgin ruwanka da kifayen da suka fi mu ganin fuskarka. Mu nan lafiya lau, sai nauyin ciki da ya hana ni durƙuso. Maigidana ya yarda in ci gaba da zama wurin Baba har haihuwa ta matso.

Albishirinka! Kayan injin 'Yar Shuɗiya sun dawo daga wurin masu goge ƙarfe. Ka san tun rasuwar Inna motar nan take zaune a kan duwatsu a bayan gareji, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. To wata safiya Baba ya tashi ya ce ya yi mafarkin Inna zaune a gaba, jakarta a cinya, tana tambayarsa, "Malam, yaushe za mu tafi?" Ko shayi bai sha ba ya sa aka sauke injin.

Yaya, da ka ga yadda suka dawo. Karanshaf ɗin nan, sandar ƙarfen da ke juyi a cikin inji, da na sani baƙi ƙirin, yanzu har fuskata nake gani a jikinsa, da hancina ya yi faɗi. An jera fistin a kan tabarma kamar kofunan baƙi. Baba ya kwashe komai ya kai ɗakin Inna. Abokan sana'arsa sun ce su haɗa masa a yini guda, ya ce, "A'a, Gajere ne zai haɗa, ni in riƙe masa fitila." Har yanzu Gajere yake ce maka, kai da sai ka sunkuya kake shiga ƙofa.

Ya ce in rubuto, don muryarka a waya ba ta kai kunnensa, takarda kuwa ana sake karanta masa. Yaushe za ka zo?

Taka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na yi murna. Ki gaishe mini da Baba da kyau. Allah ya sauke ki lafiya.

Ba zan samu zuwa ba sai mun dawo daga wannan tafiya. Kafin nan ki kula da abin da zan faɗa, don ƙarfen da aka goge ba shi da riga, iska kawai za ta iya sa masa tsatsa.

A wanke kowane ɗaya da kananzir mai tsabta, a bari ya bushe sarai, sannan a shafe shi da sabon man inji, ko'ina, har cikin ramuka. Ramukan fistin na jikin bulok, wato gangar jikin injin, a shafa musu giris. A naɗe su da takarda mai mai, a sa a leda. Kada a naɗe da busasshen zane ko jarida, suna jan danshi. Kada a ajiye komai a kan siminti, a sa katako. Karanshaf a jingine shi a tsaye. Lokaci-lokaci a buɗe a duba a ƙara mai.

Abu mafi muhimmanci, kada kowa ya taɓa wurin da aka goge da tsirarar hannu. Gumin yatsa yana cin ƙarfe. Ke ba ki sani ba, amma na sha duka a kan wannan.

Kada ki ɗaga komai da kanki. Rigakafi ya fi magani.

Wassalam,
Yayanki

*

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wa Baba takardarka, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ji yaron nan, karatuna yake biya mini." Ya sa na sake karanta wurin da ka ce ka sha duka.

Mun yi duk yadda ka ce. Ni na yanka takardu da almakashin ɗinkina, shi ya shafa mai, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Yanzu ɗakin Inna ƙamshin mai yake yi, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan ƙamshin turarenta da ya ƙi barin labule. Damina ta sauka. In ana ruwa Baba yakan ja kujera ya zauna a tsakiyar ƙunshe-ƙunshen nan, hasken taga na sauka a kan ledoji, yana saurare. Ya ce ƙarfe barci yake yi, kuma kowane yanki mafarkin sauran yake yi. Wai fistin suna mafarkin hawa da sauka, karanshaf na mafarkin juyi, in ka kasa kunne za ka ji injin na aiki can ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne, Yaya. Ruwan da ke zuba a kwano ne, amma wallahi na so in yarda.

Yakan ba ni labarin tafiyar da za ku yi. Kai a tuƙi, shi a gefe, hanya doguwa mai itatuwa hagu da dama, babu rami ko ɗaya. Wani lokaci ni ce a baya da jariri, wani lokaci Inna ce. Jiya ya ce hanyar ta bi ta kan ruwa har ta wuce ta gefen jirginka, ka ɗago kai daga ɗakin inji ka shigo.

Akwai abin da ban so in faɗa maka ba. Da muka buɗe karanshaf don ƙara mai, sai na ga tabo ja a wurin da ya fi ƙyalli. Na duba da kyau, ashe shatin babban yatsa ne, da zanensa duka, tsatsa ta fitar da shi tsaf. Nawa bai kai shi girma ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Wane sakarai ne ya taɓa wannan?" Shi ne, Yaya. Na gan shi ta taga wata rana da yamma, ya goge man da gefen rigarsa ya ɗora yatsa, yana magana da shi. Mutumin da ya dake ka a kan haka.

Shekaranjiya kuma ya kira ni da sunan Inna, ya tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta. Tsoro nake ji.

Ka huta lafiya,
Auta

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Tabon ba wani abu ba ne, in bai yi zurfi ba takardar guga mai laushi za ta ɗauke shi. Ki shafe shi da mai sosai ki bar mini.

Mantuwa kuwa ta tsufa ce, kada ki tayar da hankalinki a halin da kike ciki. Babban injiniyanmu ya kwanta rashin lafiya, an roƙe ni in ƙara tafiya ɗaya, kuma ban iya cewa a'a ba. Ki gaya wa Baba ina nan tafe. Muddin ana ƙara mai, kayan za su jira.

Wassalam,
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Kayan za su jira, haka ne. Ba su da inda za su. Suna nan suna ƙyalli kamar ranar da aka kawo su, ko ɗigon tsatsa babu ban da yatsan nan. Wanda ba zai jira ba shi ne mai su, kuma ba ni da man da zan shafa masa. Kai da kake aiki da ƙarfe ai ka fi ni sanin da zafi-zafi ake dukansa.

Ya manta hanyar gareji. Ya manta sunan maƙwabcinmu da suka tsufa tare. Ni wani lokaci 'yarsa ce, wani lokaci "baiwar Allah mai kawo abinci". Abu ɗaya ne bai manta ba. Kullum da safe zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya shiga ɗakin Inna ya buɗe ƙunshi ɗaya ya ƙara mai ya naɗe. In ya ji mota ta tsaya a waje sai ya ɗaga kai ya ce, "Gajere ne?"

Ƙafafuna sun kumbura, maigidana zai zo ya ɗauke ni. Gwaggo za ta zauna da shi. Na gaji da ce masa kana hanya, Yaya. Ina ƙaunarka, amma na gaji.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya mana. Gwaggo ta ce yaron ya ɗauko hancinki.

Na iso. Na sami Baba a ɗakin Inna. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na ce, "Baba, ni ne Gajere." Ya kalle ni daga ƙasa har sama ya yi dariya, ya ce, "Kai? Ai Gajerena bai kai ƙugunka ba."

Na miƙa hannu zan ɗauki karanshaf, ya buge mini hannu, daidai inda ya saba. Ya ce, "Ba a taɓawa. Ɗana ne zai haɗa, yana hanya." Na fita bayan gareji na zauna a cikin 'Yar Shuɗiya tare da kaji, na yi kuka.

Washegari na zo da safar hannu na ce masa aiki nake nema. Ya sa na naɗe fistin ɗaya a gabansa, ya ce hannuna ba laifi, wanda ya koya mini ya san aiki. Ya ɗauke ni aiki.

Na aika wa masu jirgin cewa su nemi wani. Tabon yatsan ban goge shi ba, mai nake ƙara masa. Jiya da ake ruwa ya ce in yi shiru in saurara, na kuma ji injin, Auta, can ƙasa-ƙasa. Ya yi mini alkawari in na yi haƙuri, ranar da Gajere ya zo zai roƙe shi ya bar ni in riƙe fitila.

Ki aiko da almakashinki, takardu sun kusa ƙarewa. Kullum da safe muna shafa mai, ni da shi, muna jirana.

Yayanki