Shayin Ranar Tsere

Zuwa ga jikata, Takwara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarku. Allah ya raya ta, ya yi wa karatunki albarka, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu a nan lafiya, alhamdulillahi. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, sai dai likita ya canja mini magani. Gwaggonki tana leƙo ni ƙarshen mako idan aiki ya bar ta, ƙaninki kuma ya kama aiki, har ya fara tumbi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne in gyara wani kuskure da ke cikin saƙonki, wanda na san daga bakin mahaifinki kika samo shi. Kin rubuta cewa kin ji daɗi da kika ji na bar direbana na tseren motoci na koma goyon bayan direban kakarki, don tunawa da ita. Wannan ba haka ba ne. Ban sauya ba, ba kuma ni da niyyar sauyawa. Mahaifinki ya shigo falo ne ran Lahadi ya tarar da ni a tsaye ina tafi lokacin da direbanta ya wuce nawa a kwanar ƙarshe, bai tambaye ni komai ba, ya fita ya yaɗa abin da ya ga dama. Tun yana makaranta haka yake, ya rubuta amsa bai gama karanta tambaya ba. Ni kuwa na yi aikin duba sikeli da ma'auni har na yi ritaya, ba zan bari a auna ni da ma'aunin da ba daidai ba.

Ga yadda abin yake. Kin san ni da marigayiya ba mu taɓa goyon bayan direba ɗaya ba tun da muka fara kallon tseren motoci a talabijin. Nawa shi ne mai shuɗiyar mota, mutum mai natsuwa, wanda yake tattalin taya, yake taka birki inda ya kamata, ba ya kuma shiga kwana sai ya tabbata zai fita. Kakarki ta sa masa suna Akawu, wai yana tuƙi kamar mai cike takarda. Nata kuwa mai jar hular kwano ne, wanda ya shigo gasar yana ƙarami a cikinsu, shi ya sa take kiransa Auta. Ɗan ganganci ne na gaske, yakan cusa hancin mota inda ko keke ba zai shiga ba. Na sha yi mata bayanin cewa wannan ba tuƙi ba ne, caca ce da rai. Amsarta kullum ita ce, a gida tana da Akawu guda ɗaya, ya ishe ta.

Akwai doka tsakaninmu wadda ku yara ba ku sani ba, domin kuna ganin ana kawo shayi kawai. Wanda direbansa ya ƙare a bayan na ɗan'uwansa, shi zai tashi ya dafa shayin la'asar, ya kawo a tire, ya kuma wanke kofuna. Ba a duba wanda ya lashe tseren, tsakanin su biyun nan kawai ake dubawa. Idan Akawu ya yi gaba, takan tashi tana gunaguni, ta ce da gangan makanikai suka ɓata wa ɗanta lokaci wajen canja taya, sannan ta kawo mini shayi mai sukari fiye da kima don ta ba ni haushi. Idan Auta ya yi gaba, sai ta miƙe ƙafa a kujerarta ta ce in hanzarta, kada in tsaya auna ruwan da rula.

Tun da Allah ya yi mata rasuwa ban soke dokar ba, domin mutum ɗaya ba ya soke abin da mutum biyu suka kafa. Idan Auta ya wuce Akawu, aikina ne, sai in tashi in ɗora buta, in fito da kofuna biyu, in sha nawa, nata in bar shi ya huce a gefen kujerarta, sannan in wanke. Amma idan Akawu ya yi gaba, aikinta ne, ba kuma mai yi. Sai in kashe talabijin in zauna. Firij yana ƙara a kicin, yaran maƙwabta suna wasa a waje, rana tana sauka daga labule zuwa kan kujerarta, ni kuwa ina zaune da nasarata ba wanda zan yi wa dariya, har a kira magariba. A bana Akawu yana tuƙi fiye da yadda ya taɓa yi, don haka Lahadi da yawa sun wuce ban sha shayi ba. Ranar da mahaifinki ya shigo, tafin da ya gani na mutumin da ya samu dalilin tashi daga kujera ne, ba na wanda ya sauya ra'ayi ba. Ina fata bambancin ya fito miki sarai.

Yanzu ga abin da yake damuna. An sanar cewa Auta zai ajiye tuƙi a ƙarshen kakar tseren bana. Yaron da kakarki ta ɗauka yana ƙarami ya shiga sahun dattawan gasar, har da furfura a gemu. Idan ya tafi, ɓangarenta ya zama babu kowa, dokar kuma ta mutu da kanta. Na gwada gwaggonki, ta ce ƙarar motocin tana sa mata ciwon kai. Na gwada maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin kirki ne, amma duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne. Da irin wannan ba a kallon tsere.

Saboda haka nake roƙonki, ke da kika ci sunanta, kika kuma gaji bakinta, ki karɓi ɓangarenta. Ki zaɓi direba cikin matasan nan, kowane ne, ban da nawa. Idan son samu ne, ki ɗauki marar hankali, ita ma haka za ta so. Tsarin da na yi shi ne: idan naki ya yi gaba, ni zan dafa kamar yadda aka saba, in kira ki ki yi mini dariya. Idan nawa ya yi gaba, ki dafa a can, ki kira ni ki yi gunaguni, sannan ki wakilta ni da bakinki in dafa na nan a madadinki. Ba tare da wakilcin ba, ba zan taɓa butar ba. Na san kina da karatu da goyo, ban kuma ce ki zauna ki kalli kowane zagaye ba. Sakamakon kawai za ki duba. Idan ba zai yiwu ba, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ki ba.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce na ji yana son ƙwallon ƙafa, Allah ya shirye shi. Ki sumbaci jaririya a madadina. Gwaggonki da ƙaninki suna gaisuwa, mahaifinki ma haka, ko da yake bai san na kai ƙararsa ba.

Abubuwan da na haɗo cikin kwalin da ke tare da wannan takarda su ne: na farko, jadawalin tseren baɗi, na mayar da lokutan zuwa agogonku da jan biro. Na biyu, hotunan matasan direbobi da na yanko daga mujalla, ban sa wa kowa alama ba don kada ki ce na yi miki katsalandan. Na uku, kofin kakarki, naɗe cikin ɗankwalinta. Bakinsa ya ɗan ɓalle, haka yake tun da, ba a hanya ya samu ba. Nawa yana nan kan tire, yana jiran amsarki.

Wassalam,
Kakanki, Akawun gida.