Baba Ya Ce Bai Taɓa Son Kifin Mama Ba

Anti Bogna, don Allah ki taimake ni. Tun jajibirin Kirsimeti kaina bai dawo daidai ba, kuma duk wanda zan iya kai wa kuka yana zaune a teburin lokacin da abin ya faru.

Mamarmu ta rasu a watan Afrilu. Wannan ce Kirsimeti ta farko babu ita, sai ya zama a gidana za a taru: Baba, da yayana Leszek da iyalinsa, da Goggo Krystyna ƙanwar Baba. Kin dai san a al'adarmu ba a jajibiri sai da kifin karp, mu kuma ba mu taɓa sanin wani iri ba sai na Mama, wanda take dafawa ta bar shi ya kwana a sanyi har romon ya daskare. Kowace shekara Baba zai ci, ya sumbaci hannunta, ya ce, "Teresa, ko a gidan bishop ba a cin irin wannan." A kan haka muka tashi.

Na sayo kifi biyu masu rai, suka yi kwanakinsu a bahon wanka kamar yadda aka saba. Da na farkon na gwada yin na Mama. Anti, romon nan ya ƙi daskarewa. Na kai shi baranda cikin sanyi, na mayar da shi firij, na yi masa addu'a, har zaginsa na yi, da safe yana nan tsululu kamar ruwan wanke-wanke. Mama ba ta taɓa nuna mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, a zatona da sauran lokaci.

Saura kifi ɗaya, baƙi kuma suna hanya. Maƙwabciyata Hanh, 'yar Biyetnam, ta taɓa koya mini wata dahuwa mai sauƙi da nake yi wa maigidana in na dawo aiki a gajiye. A soya citta da tafarnuwa da kurkum da ɗan barkono, a zuba madarar kwakwa, a jera yankan kifi, a matse lemun tsami. Ita na yi. Na barbaɗa dil, ganyen ƙamshin nan namu na gida, na dafa dankali a gefe don kada abin ya yi baƙunta da yawa.

Tauraron farko ya fito, alamar lokacin zama cin abinci ya yi, muka gutsura wa juna burodin albarka muna hawaye, sannan na kawo kifin. Goggo Krystyna ta leƙa ta yi alamar gicciye ta ce, "Yesu da Maryamu! Ciwon hanta ya yi kafin ya mutu, ya koma rawaya haka?" Yaya Leszek ya ce, "Ke, abincin jajibiri ne wannan, ko daga shagon bakin tasha kika yo oda?" Ni Baba kawai nake kallo.

Baba ya ɗanɗana. Ya cinye, ya miƙo faranti aka ƙara masa, ya kwashe romon tas da dankali. Sai ya ajiye cokali ya ce, kamar mai labarin farashin gawayi, "Yara, Allah ya jiƙan uwarku, amma ni ban taɓa son kifin nan nata ba. Ga sanyi, ga santsi, ga ƙarnin laka. Tun shekarar da muka yi aure da ƙyar nake haɗiye shi."

Anti, bakina a buɗe ya tsaya. Goggo har cokali ya suɓuce mata. Yaya Leszek ya miƙe, ya sa wa 'ya'yansa rigunan sanyi, ko kyaututtukansu na ƙarƙashin bishiyar Kirsimeti bai bari sun ɗauka ba. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ko shekara ba ta yi a kabari ba kin kore ta daga teburinta. Kada ki jira mu ranar Ista." Tun daga nan ba ya ɗaukar wayata.

Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa, ina tsoron kada in rasa shi a kan kifi. Kuma ina jin haushin Baba, ban san yadda zan kalle shi ba. In wannan ƙarya ce, me kuma ya rage na gaskiya a gidanmu? Ga shi jiya ya bugo waya hankalinsa kwance yana tambayar yaushe zan sake yin "mai rawayan nan". Ya zan yi?

Marainiya daga Pruszków

'Yata,

Na karanta wasiƙarki, ni ma sai da na cire tabarau na sake sakawa. Allah ya ba ku haƙurin rashin Mama.

Da farko ki sauke laifin daga kanki. Romo ya ƙi ki, baƙi suna hanya, kika ciyar da su da abin da hannunki ya iya. Inda kika yi sakaci guda ne: da kin faɗa musu tun kafin a zauna cewa kin gwada na Mama ya gagare ki. Yayanki bai ga wahalar da kika sha ba, rawayan miya kawai ya gani, sai ya ɗauka da gangan kika sauya.

Shi ma ki yi masa uzuri. Ya zo ne yana fatan ya ji ɗanɗanon uwarsa ko sau ɗaya, sai ya rasa, ya kuma ji abin da ya ji daga bakin mahaifinsa. Bai iya yi wa tsoho tsawa ba, shi ya sa ya sauke a kanki. Ki daina buga waya. Ki ɗauki kyaututtukan yaran ki je gidansa da ƙafarki, ki ba shi labarin barandar nan da firij yadda kika ba ni. Kada ki ba da haƙuri a kan girkin, ki ce masa ke ma kewar kike yi. Sannan ki roƙe shi ya zo ku gwada na Mama tare kafin Ista. In ya daskare, madalla. In ya ƙi, ya gani da idonsa.

Baba kuwa, ban wanke shi ba. Ya zaɓi mummunar rana, kuma ki gaya masa haka a tsanake, ki ce ya kira ɗansa da kansa. Amma kalmar ƙarya ta yi masa nauyi. Mutumin da yake haɗiye abin da ba ya so kowace shekara, ya kuma sumbaci hannun da ya dafa, ya san abin da yake karewa. Bai faɗa ba sai da babu sauran wadda maganar za ta ɓata wa rai a idonsa, ya manta ku kuna nan.

Ki dafa masa mai rawayan, ko a wannan makon. In ya ƙoshi, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi me kuma yake so da ba ku taɓa sani ba, ki tambaye shi yadda suka haɗu da Mama, ki tambayi duk abin da ya zo bakinki. Kin riga kin ga abin da jinkirin tambaya yake jawowa, kuma shi kaɗai ya rage muku.

Allah ya haɗa kanku a teburi ɗaya ranar Ista.

Anti Bogna